Jirgin da Ba A Kashe Masa Inji

Wayar ta same ni ina tsugune a gaban shagona a Birnin Kudu, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, ina fama da wani injin ban-ruwa da ya ƙi tashi tun safe. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana tuƙa jirgin fito a wani mashigi da ke ƙasar Gwaram. Kawu ba mai kiran waya ba ne. In ka ga kiransa, ko dai an yi rasuwa, ko kuwa injinsa ya tsaya.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "ka zo ka ga abin mamaki. Alhaji mai jirginmu ya kawo sabo, ba shi da farfela."

Na ce, "Mantawa aka yi ba a ɗaura masa ba?"

Ya ce, "A'a. Wai haka aka haife shi."

Nan take na san abin da yake nufi. Ni mutum ne mai zumuɗi a kan inji, wannan kowa ya shaida. Rabin katin da nake saka wa wayata a kallon jiragen tsere yake ƙarewa, kuma na sha ganin irin waɗannan masu feso ruwa ta baya, amma ko a mafarki ban taɓa zaton ɗayansu zai taka ruwan garinmu ba. Na ba mai injin ban-ruwa haƙuri, na ce ai damina ce, shinkafarsa ba za ta mutu da ƙishi ba kafin in dawo. Na shiga bas zuwa Gwaram, daga nan na hau babur muka miƙi hanyar Basirka, gero da dawa sun rufe gefen hanya, ɗan acaɓa yana kauce wa taɓo ni kuwa ina ta ce masa ya ƙara wuta.

Sai na fara da tsohon jirgin, don shi na fara so. Mahaifin Alhaji ne ya sayo shi tun ina firamare, daga wajen masu ruwa na bakin kogin Kwara, saboda yana da gonaki a hayin kogi, kuma duk damina ruwa yakan raba shi da su. Dogo ne siriri, na faiba, wato robar nan mai ƙarfi, da inji mai ƙarfin doki saba'in da biyar rataye a bayansa. A zamaninsa babu abin da ya kai shi gudu a duk yankin nan. Sai an gauraya masa fetur da baƙin mai a jarka an jijjiga, sannan a ja igiya, ya yi tari sau biyu, ya turnuƙe wurin da shuɗin hayaƙi, ya tashi da wata ƙara da ake ji tun daga cikin gari. Idan Kawu ya murɗa totur, hancin jirgin ya ɗaga sama har ba ka ganin gabanka, can sai ya kwanta ya miƙe, iska ta cika maka riga. Ranar da aka fara ɗora ni a kai na rasa hular sallata, kuma ban yi kuka ba.

Amma ya tsufa, ni ne shaida, don ni nake jinyarsa. Yashin koginmu ba ya zama wuri ɗaya, inda ya yi zurfi bara bana tudu ne, kuma da zarar farfela ta daki yashi sai ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ya karye. Kawu yana yawo da gwangwanin madara cike da ƙusoshi, ya yanke ɗaya ya soka a madadinsa, a ci gaba da tafiya. Kafireto na wanke shi har na san shi kamar tafin hannuna. Fistin da zobensa kuwa na zaga Kano sau biyu ban samu irinsu ba, wani mai shago ma dariya ya yi mini, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaron shago.

Da na iso mashigin na tarar da rabin gari a bakin ruwa. Ga tsohon can gefe an ɗaure shi a saiwar tsamiya, ga baƙon a tsakiya, fari fat, mai faɗi, da kujeru masu laushi da sitiyari irin na mota. Alhaji, wanda ya gaji gonakin mahaifinsa ya kuma ƙara da fataucin riɗi, ya sayo shi na hannu daga bakin teku. Tare da jirgin aka turo wani direba mutumin Kudu, gajere mai faɗin kafaɗa, mai yawan fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai saƙo.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba na naɗe wando na faɗa ruwa, na zagaya bayansa ina lalube. Da gaske babu farfela, babu ƙafar inji, babu abin da ya sauka ƙasa da cikin jirgin. Injin yana ciki a rufe da murfi, irin na mota, fetur da wurinsa, baƙin mai da nasa wurin. A ƙarƙashi na taɓo wata ragar ƙarfe, a baya kuma wani bututu mai kaurin cinya. Direban ya nuna mini da hannu: ruwa ya shiga ta ragar, famfo ya matsa shi, ya fita ta bututun da ƙarfi, ƙarfin nan ne ke tura jirgi. In ka juya sitiyari bututun ne ke juyawa. Na tsaya a cikin ruwa har ƙugu na fashe da dariya.

Na ɗaga murya na ce, "Kawu, ai wannan injin ban-ruwa ne! Babban yayan waɗanda nake gyarawa ne, aka yi masa kujeru!"

Kawu yana zaune a kan tudu yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa. Ya ce, "To sai a kai shi fadama."

Direban ya ɗauke mu, ni da Kawu da wasu mutum huɗu. Makulli kawai ya murɗa injin ya tashi, babu tari, babu hayaƙi, sai wani gurnani can ƙasa da kake ji a tafin ƙafarka. Ya tura hannun totur gaba. Wallahi ban san lokacin da na yi ihu ba. Wannan bai tsaya ɗaga hanci yana neman izini ba, fizgar mu kawai ya yi, bishiyoyin gaɓa suka fara gudu baya, ruwa ya tashi fari a bayanmu ya fi tsawon mutum. Ya nufi wani tudun yashi da ruwansa bai kai gwiwa ba, wurin da Kawu yake zagayewa tun farkon damina. Na ga Kawu ya damƙe kujera yana salati. Muka shafe kan tudun nan muka wuce, ko gezau. Can ya karya sitiyari, jirgin ya juya a wuri ɗaya, ruwa ya yi mana wanka gaba ɗaya. Da muka zo tsayawa ya ja hannun totur baya, wani ƙoƙon ƙarfe ya sauko ya rufe bakin bututun ya mayar da ruwan gaba, jirgin ya dunƙule ya tsaya cak. Jirgi mai birki! Bakina har kunne na sauko.

Da yammar nan muka yi ta musu da Kawu a gindin tsamiya. Ni na ce sabon ya fi gudu, ya fi shiru, bai shan mai kamar tsohon, ba ruwansa da yashi, kuma babu wuƙar farfela da za ta sare ƙafar saniya ko ta mai wanka. Kawu ya ce duk ya ji, amma nasa in ya lalace da filaya da ƙusa ake tashinsa a tsakiyar ruwa, wannan kuwa da ya leƙa cikinsa wayoyi ya gani kamar taliya. Ya ce nasa in ya naɗo ciyawa sai ya ɗaga ƙafar injin ya cire da hannu. Washegari kuwa sai ga sabon ya haɗiyi ciyawa da leda ya shaƙe, direba ya tuɓe riga ya nutsa ƙarƙashi yana zaƙulowa daga raga. Kawu kallona kawai ya yi yana murmushi, ni kuwa na yi kamar ina duba waya.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne maganar da Alhaji ya yi masa. Alhaji mutumin kirki ne, a jirgin Kawu ya girma, amma ɗan kasuwa ne. Ya ce masa, "Malam, tsohon nan za a ja shi tudu, ya gama aikinsa. Direban nan zai yi mako guda yana koya maka. Ranar kasuwa zan shiga ka tuƙa ni. In hannunka ya faɗa, jirgi naka ne. In kuwa bai yiwu ba, direban ya ce zai iya zama, kai kuma ka huta." Kawu ya haura sittin. Ba shi da wata sana'a bayan ruwa, kuma na san shi, in aka zaunar da shi a ƙofar gida yana kallon wani yana ratsa koginsa, ba zai daɗe ba. Shi ya sa na kira matata na ce kada ta sa ni a tukunya sai bayan mako.

Kwana biyun farko abin ya ba ni mamaki. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, sai ga shi yana karanta ruwa yana bi kamar da shi aka ƙera jirgin. A rana ta uku direba ya bar masa komai ya koma kujerar baya. Muka je hayi muka juyo da gudu, ina tsaye a gefensa ina masa kirari. Muna kawowa daidai tsamiya, inda kogi ya yi kwana kafin mashigi, sai Kawu ya miƙa hannu ya kashe inji.

Ya juya sitiyari dama. Jirgi bai san yana yi ba. Ya ƙara juyawa har ya ƙure, jirgin nan ya ci gaba da sulalewa sambal, ya nufi inda mata suke wanki. Direba yana ihu, "Kunna! Kunna!" Mata suka watse da gudu suna salati, muka tafi da bahon wata baiwar Allah da zannuwanta, muka kafe cikin taɓo da ciyawa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo. Amma gaɓa ta ɗauki dariya, wata tsohuwa tana ta faɗa tana nuna sabulunta da ruwa ya tafi da shi.

Dalilin a fili yake, kuma laifina ne da ban faɗa masa ba. Tsohon inji yana da ƙafa a cikin ruwa, ko an kashe shi in ka karkata ta jirgi zai bi. Sabon kuwa da feshin ruwa yake juyawa. Babu wuta, babu feshi, in babu feshi sitiyari ado ne. Duk wanda zai tuƙa irinsa dole ya shigo gaɓa da injinsa a kunne.

Shi kuma Kawu ba mantuwa ya yi ba. A mashiginmu ba a isowa kan mutane da ƙarar inji. Tun ranar da inji ya fara shiga ruwan nan aka kafa wannan: in ka kawo tsamiya ka kashe, ka sulalo a hankali, kada igiyar ruwanka ta kifar da ƙwaryar wata, ka yi sallama a ji muryarka a amsa. Wanda ya kafa dokar yana nan da ransa a lokacin, tsohon da kowa ke kira Baba, maigidan Kawu, wanda ya koya masa fito da gora da filafili tun kafin a san inji. Idanunsa sun tafi shekaru da yawa, amma kullum da hantsi jikokinsa sukan kawo shi gindin tsamiyar nan su shimfiɗa masa buzu. Masu ƙananan jirage na yanzu sun daɗe da watsar da dokar, har gaɓa suke zuwa da ƙararsu. Kawu kaɗai ya rage. In ƙara ta ɗauke a kwanar nan, Baba yakan ɗaga kai ya gyara zama, tun kafin sallama ta iso.

Na san duk wannan, amma a ranar raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, sai bakina ya riga hankalina. A gaban mutane na ce, "Haba Kawu! Wannan ba akwalar da ka saba ba ce! Gaisuwa za ka ci? In kana son aikin nan ka bar makullin nan ya sha iska!"

Kawu ya dube ni, ya sunkuya ya wanke taɓon ƙafarsa, ya ce, "Na ji, Injiniya." Wannan karon babu tsokana a cikin sunan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da magariba na same shi na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, gaskiya na faɗa, faɗin ne kawai bai yi kyau ba.

Daga ranar bai sake taɓa makulli a kwanar tsamiya ba. Ya koyi shigowa da ƙaramar wuta, ya koyi sauke ƙoƙon nan ya tsaya daidai inda yake so, har direba ya fara tafa masa. Ni murna kamar in yi rawa. Amma na lura in ya ɗaure jirgi ya hau tudu ya durƙusa gaban Baba, gaisuwar ba ta tsawo. Rana ta biyar ina kusa na ji tsohon yana cewa, "Yaron nan, ƙafarka nake ji kwana biyu, ban ji jirginka ba. Ko ka bar ruwa ne?"

Kawu ya ce, "Ina nan, Baba. Sabon ne ba a kashe masa inji."

Baba ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya juya fuskarsa wajen kogi. Kawu ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Kwana biyun da suka rage, in na farka bayan asuba ba na ganinsa, sai hantsi ya dawo wandonsa a jiƙe, ya ce ya je duba ruwa. Na kuma ga wata 'yar igiya da aka ɗaure kamar zobe a ƙarfen bayan jirgin, gefen bututu. Na ɗauka ta ɗaure jarka ce, ban tambaya ba.

Ranar kasuwa gaɓa ta cika maƙil, masu buhuna, masu awaki, masu tallan awara, har da waɗanda ba su da niyyar haye ko'ina. Labarin bahon wanki ya zaga, kowa ya zo ganin yadda za ta kaya. Alhaji ya iso cikin farar shadda, ya zauna a kujerar gaba. Direba yana baya, ni ina tsakiya ina addu'a a zuci. Kawu ya yi bisimilla ya murɗa makulli.

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba, ko a waya. Ya fita da mu a hankali har muka bar mutane, sannan ya tura hannun nan har ƙarshe. Hular Alhaji ta tashi, Allah ya sa na cafke ta. Kawu ya bi ta kan tudun yashin da ya tsorata shi ranar farko, ya ratsa tsakanin wasu kututture biyu da ruwa ya kawo, wurin da ni da ƙafa ma sai na yi tunani. Direban ya san jirgi, amma Kawu ya san kogi, yana ganin ɗan murɗawar ruwa ya san abin da ke kwance a ƙasa. Ya kauce wa tarin ciyawa tun daga nesa don kada raga ta shaƙe. A hayi ya juya mu a wuri ɗaya, Alhaji ya jiƙe sharkaf yana dariya yana cewa, "Malam! Malam, a hankali, ina da iyali!" Ni kuwa muryata har ta dushe. Na ce a raina shi ke nan, an gama, saura a shiga gaɓa lafiya.

Muka juyo. Kafin tsamiya ya rage wuta, ya ɗan haura sama da inda ya saba bi, ya daidaita hancin jirgin. Na hango Baba a kan buzunsa, fuskarsa tana kallon wani wajen. Sai na ga hannun Kawu ya tafi wajen makulli.

Na ce, "Kawu..."

Ya kashe.

Matan gaɓa suka fara janye bahunansu. Direba ya miƙe zai tsallako, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya saki sitiyari, ya tako ta tsakaninmu ba gaggawa, ya sunkuya ƙarƙashin kujerar baya ya zaro filafili. Tsohon filafili ne, baƙi, hannunsa ya sha riƙo har yana ƙyalli, wanda Baba ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ya zura shi cikin zoben igiyar nan, ya nutsa bakinsa a ruwa, ya jingina da ƙugunsa ya danna. Jirgin da ya ƙi jin sitiyari sai ga shi ya karkata a hankali, ruwan kwana ya ɗauki gindinsa ya taimaka masa, muka sulala babu ƙara sai ɗan motsin ruwa a jikin faiba. Ashe abin da yake fita yi ke nan da sassafe, shi kaɗai, yana gwadawa yana kafewa yana turowa.

Tun kafin ya buɗe baki na ga Baba ya ɗaga kai ya gyara zama.

"Salamu alaikum!" in ji Kawu, da muryar da ta cika mashigin.

Gaɓa gaba ɗaya ta amsa. Hancin jirgin ya taɓa yashi a hankali, ko kofin shayi aka ajiye a kai ba zai zube ba. Wuri ya kaure da sowa, wata ta rangaɗa guɗa, ina jin tsohuwar sabulun nan ce. Direba ya riƙe kai yana dariya yana cewa, "Wannan ni ban iya ba, Malam, wannan babu a littafi!" Ni dai Alhaji nake kallo, don shi bai yi dariya ba. Ya sauka, ya karɓi hularsa a hannuna, ya matse bakin rigarsa. Sannan ya ce, "Malam, da ya ƙwace maka fa?"

Kawu ya ce, "Da na kunna, Alhaji. Makullin yana nan, na kuma bar wa kaina fili. Ba zan yi wasa da ran mutane ba. Amma in dai ruwa ya ba ni dama, a nan zan riƙa kashewa. Gara ka sani tun yau."

Alhaji ya dubi tsamiya, ya dubi tsohon da ke zaune. Ya ce, "Haka ake yi lokacin da nake zuwa da mahaifina. Na manta ne." Ya zare makullin ya danƙa wa Kawu a hannu. Ni da na yi mako ina wa'azin famfo da bututu, sai ga ni ina share hawaye da hannun riga, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Muka hau tudu. Kawu ya durƙusa, Baba ya lalubo kansa ya dafa. Ya ce, "Ƙarar ban san ta ba. Amma da ta ɗauke na san kai ne." Sannan ya rage murya kamar mai jin nauyi. "An ce wai yana gudu?"

Ni da Kawu muka ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, muka zaunar da shi a kujerar Alhaji muka sa masa rigar ruwa. Rabonsa da shiga jirgi tun kafin idanunsa su tafi. Kawu ya fara a hankali, tsohon ya ce, "Wannan ne gudun?" Kawu ya tura hannu. Baba ya damƙe hularsa da hannu ɗaya, iska tana kaɗa gemunsa, bakinsa a buɗe babu haƙori ko ɗaya, yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Ƙara! Ƙara masa!" Har tudun yashin ya gane da muka bi ta kai, ya ce a nan ne ruwa ya canza murya.

Da muka juyo babu kowa a gindin tsamiya sai buzu, mai buzun yana cikin jirgi. Duk da haka Kawu ya rage wuta ya kashe. Ya tashi zai nufi baya, Baba ya riƙe masa riga.

Ya ce, "Kai ni wurin. Ba ni abina."

Na kama shi na kai shi baya, na ɗora hannunsa a kan filafilin. Ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya karkata kai yana sauraron ruwa. Kawu yana tsaye kusa da makulli, bai ce masa dama ko hagu ba. Tsohon ya danna, ya sassauta, ya sake dannawa kaɗan, jirgin ya bi. Ya kawo mu daidai saiwar tsamiyar da ake ɗaure igiya, gefen tsohon jirgin, sannan ya yi gyaran murya ya yi wa mutanen gaɓa sallama.